Sista Yustina, Kin Tafi Ba Ki Rubuta Sunan Ɗana Ba

Sista Yustina Pyo ta rasu ranar Laraba, tara ga Oktoba, da hantsi, tana da shekara tamanin da uku. A coci na ji, bayan addu'ar Mas. Babbar Sista ta ce duk mai abin faɗa a kanta ya rubuto a sa a takardar gidan sistoci. Ga nawa. Da ita nake magana, amma ku ma ku karanta.

Sista, kullum sai kin tambayi mutanen gida, to ga labarinsu. Malsun, 'yata da ke birnin Daegu, lafiyarta ƙalau, ita da mijinta da yaran. Ni gwiwar nan ce dai, kamar yadda kika sani. Mansik ne ba shi da lafiya. Ba zazzaɓi ba ne. Ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa, ba ya kuma yin waƙar nan tasa da safe. Fushi nake da ke, kuma sai na faɗa, ko da za a ce ba a yi wa mamaci haka.

Shekara goma sha tara ke nan da na fara hawa tudun gidanku da ƙunshin shinkafa. Duk girkin da zan yi nakan cire cokali ɗaya in tara, kamar yadda uwata take yi, ƙarshen wata in kai wa sistoci. Ranar da na fara zuwa ba ni da inda zan bar Mansik, sai na tafi da shi. Yana da shekara ashirin da takwas lokacin, ƙato, amma tun zazzaɓin da ya kama shi yana ƙarami hankalinsa bai wuce na yaro ba. Kika karɓi shinkafar, kika dube shi sama da ƙasa.

"Maman Mansik, ashe rowa gare ki," kika ce. "Kin ɓoye hannu biyu a ɗaki, kin kawo mana cokali."

Na ce, "Sista, ba tausayi na zo nema ba. Sadaka na kawo."

"Wa ya ce ina tausayinki? Bayana nake tausayi. Ki ba mu shi sadaka, mu riƙa mayar miki da shi da yamma."

Kika kai shi bayan gida, inda randunan daddawar waken soya suke jere, wadda kuke sayarwa ku ciyar da tsofaffin da kuke riƙo. Kika nuna masa: rana ta fito, a buɗe murafai, hadari ya taso, a rufe, a goge jikin kowace randa da tsumma. Sau uku ya fasa murfi a watan farko. Na so in nutse don kunya. Ke kuwa kika ce da ma murafan sun tsufa. Daga nan bai sake fasa ko ɗaya ba. Shekara goma sha tara ruwa bai taɓa shiga randarku ba. Mutumin da 'yan unguwa suke tsallaka titi in sun gan shi, ya zama yana da wurin zuwa, ana jiransa, ana yi masa faɗa in ya makara.

A kan bencin da nake zaman jiransa kika gane ban iya karatu ba, don kin ga na riƙe littafin addu'a a kife. Ba ki yi dariya ba sai daga baya, da na iya, sannan kika yi ta yi har da hawaye. Ina da shekara hamsin da shida kika kama hannuna na rubuta sunana. Kika ce, "Abin da ba a rubuta ba, Maman Mansik, in mai shi ya mutu ya bi shi."

To ke da kika san haka, me ya hana ki rubuta? Layi ɗaya, Sista. Kin yi wata huɗu a kwance, hankalinki garau, kina aiko min da saƙon in rage gishiri. Ba ki ɗauki biro kin ce Mansik na gidan nan ne ba.

Kwana uku bayan an binne ki ya tafi aiki kamar kullum. Wata sabuwar sista a ƙofa, wadda aka kawo daga birni, ta tsayar da shi. Da na hau na tambaya, ta ce da ni cikin ladabi, "Kaka, ba ya cikin jerin masu aikin sa kai. Sai wanda ya cike takarda ya sa hannu da kansa. In ya ji ciwo a nan, wa zai amsa?" Sannan ta miƙo min takarda mai hoto, an jera hanyoyin taimaka wa gidan. Ta banki duk wata. Ta waya. A sayi daddawa. A sa a yi wa mamaci Mas. A bar wa gidan gona a wasiyya. Na karanta sau biyu a tsaye, da karatun da kika koya min, ina neman inda aka ce ana iya ba da ɗa. Babu.

Ban zagi yarinyar ba. Ba ta san shi ba. Amma a gidan akwai sistoci fiye da goma da suka ci daddawar da ya tsare, kuma babu wadda ta sauko.

Har yau kullum yana zuwa ya tsaya a bakin ƙofa. Talatar da ta wuce hadari ya haɗo da rana tsaka. Ya kama ƙarfen ƙofar yana ihu, "A rufe! A rufe!" Suka zaci ƙofar yake nufi, suka ƙara mata sakata. Na same shi sharkaf, yana kuka, yana cewa Sista za ta yi masa faɗa.

Malsun ta ji labari. Ta ce, "Mama, ba za ki iya da Yaya Mansik ke kaɗai ba. In ba su karɓe shi ba, akwai gidan kula da irinsu a nan Daegu." Za ta zo da mota ranar Asabar, sha shida ga Nuwamba. Ban ga laifinta ba. Amma na san ɗana. A can zai zauna a kujera yana kallon bango har ya mutu.

Sista, fushina bai hana ni yi miki addu'a ba. Ubangiji Yesu ya karɓe ki, ya gafarta miki wannan mantuwar da duk wata, ya ba ki hutu na har abada. Uwarmu Maryamu ta riƙe hannunki yadda kika riƙe nawa. Ina yi wa sistocin gidan ta'aziyya, da ƙanenki da ya zo daga garin Andong, da tsofaffin da kike wanke wa ƙafa. Allah ya ba mu haƙuri duka.

Babbar Sista, yanzu da ke nake. Sadakata tana tsaye a ƙofarku kowace safiya. Ina roƙon amsa kafin Juma'a, sha biyar ga Nuwamba. In kuna karɓa, ku buɗe masa. In ba kwa so, kada ku aiko min da takarda. Ki sauko da kanki ki gaya masa, don ni bakina ba zai iya ba.

Agata Ok, mahaifiyar Mansik