Akwatin Kaset ɗin Inna a Sharafiyya

Ana sallame asuba muka bar Makka, ni da wasu mutum biyu da muka yi umra tare. A aljihuna akwai kaset ɗin da Inna ta ba ni in kai wa ƙanena da ke Jidda. Duk wata sai ta rufe ɗaki ta yi masa magana ta awa guda a kaset, a ba mai tafiya ya kai. Ni da nake gida da ita, nake sayen kaset ɗin da batir, ba ta taɓa yi mini hirar minti goma ba sai aike. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba.

Titin sumul, ko rami ɗaya babu. Kafin rana ta yi zafi mun shiga Sharafiyya, unguwar da ƙanena yake zaune a Jidda. Ƙanena ya yi ƙiba, ya saya mana ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai faɗin faifai a kan riyal uku. Na ci ina hararar agogonsa.

Muna gamawa ya ja ni unguwar Hindawiyya wurin wani maƙeri mutumin Cadi, wai zai sa a ƙera masa akwatin saƙo. Masu kawo kaset sukan tarar yana wurin aiki, sai su ajiye a bakin ƙofa. Kaset ɗaya zafin rana ya lanƙwasa shi, biyu an ɗauke.

Ban taɓa ganin tsirfa irin ta ranar ba. Gida biyu yake so a yi wa akwatin. Na sama mai ɗan siririn baki, na takardun kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Na ƙasa na Inna, bakinsa daidai kaurin kaset. Ya karɓi wanda na kawo aka gwada har sau uku. Ya ce a sa ƙarfe a karkace daga ciki, yadda abu zai zame ƙasa amma yatsa ba zai kamo shi ba. A shimfiɗa katako saboda zafi, a yi rumfa a kai, kowane gida da kwaɗonsa. Maƙerin ya gaji ya ce, "Khalas, ya isa haka ya akhi, zinari za ka ajiye?" Ni dai ina tsaye, zuciyata tana tafasa.

Da la'asar ya kunna kaset ɗin a gabana. Inna tana ta sa masa albarka, sai tari ya sarƙe ta. Daga nesa aka ji muryata: "Inna, ga ruwa a bakin ƙofa."

Ya mayar da wurin baya, ya sake mayarwa.

"Yaya, wallahi irin wannan wurin nake nema a kowane kaset," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya kai kake miƙa mata ruwa. Ni iƙamata, takardar izinin zama, ta mutu, in na fita ba dawowa, ga yara."



Da na sauka Kano, kafin Inna ta tambayi hanya ta ce, "Ya rame?" Kishin ya motsa, don bai mutu duka ba. Amma na gane cewa abin da yake kullewa da kwaɗo a Jidda, ni kullum ina wuce shi a tsakar gida ina sauri. Na ajiye jaka, na ɗebo mata ruwa, na zauna a gefen tabarmarta har aka kira magariba.