Tsatsar da Na Wanke

Shekaranjiya ruwan farko ya sauka, na tara bokiti a bakin indararo, sai ruwan ya zo jawur da tsatsar kwano. Warinsa ne ya tsayar da ni, warin jiƙaƙƙen ƙarfe mai kama maƙogwaro. Na daɗe tsaye har bokitin ya tumbatsa, don ya mai da ni gidanmu na ƙauye, tsakanin Malbaza da Dogarawa, lokacin ina 'yar shekara goma ina ganin babu wanda ya kai ni wayo.

Babana makaniki ne a wani gidan injin ɓarar gyaɗa. Da fari ya yi ta maimaituwa, gyaɗa ta ƙare a gonaki, aka rufe wurin, kowa ya kama gabansa. Abokan aikinsa wasu suka tsallaka Nijeriya ci-rani, wasu suka koma noman gero. Shi kuwa ya dawo ya zauna a rumfa, ya fara gina ɗan ƙaramin gidan injin nan a kan wani tsohon ƙyaure da ya kwantar bisa duwatsu.

Kada ka ɗauka irin motar karan nan ce ta yara. Gwangwanin madara yake ƙonawa fentin ya fita, ya buɗe shi, ya danna a kan ƙusoshin da ya jera har ya yi layi-layi kamar kwanon rufi. Famfon keke ya zama bututun hayaƙi, gwangwanin tumatir ya zama tankin ruwa, har da matakalarsa ta waya. Akwai wani kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, mai taya uku, don ya ce haka ya bar shi, an tokare shi da dutse. Inna takan ce mazan mutane suna gona, nata yana wasan ƙasa. Shi dai sai ya ci gaba da aikinsa.

Abin da ya fi ƙwallafa rai a kai tsatsa ce. Gidan injin da ya sani yake so, yadda yake ranar da ya juya masa baya, tsoho, gajiyayye. Tun farkon damina ya ja ƙyauren gefen indararo inda feshi ke taɓa shi. Wani ɓangaren ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, wani ya bar wa rana. Da gashin kaza yake ɗiga baƙin mai a ƙarƙashin tanki, ya shafa baƙin tukunya a bakin bututu da ɗan yatsa. Kullum da safe sai ya kai fuskarsa dab da kwanon kamar mai sansana, don a lokacin idonsa ya fara tafiya. Likita a Birnin Konni ya riga ya gaya masa ba yanar ido ba ce da za a cire, ciwon daga ciki yake. Na dama ya mutu, na hagu saura kaɗan. Damina ɗaya ta rage masa ya ga abinsa ya kammala, kuma ya sani. Ni ce ban sani ba, don ba a gaya wa yara irin wannan.

Shekarar nan Sallar Layya ta faɗo a ƙarshen damina. A garinmu jajibiri ranar toka da yashi ce. Duk wani ƙarfe da ke gida sai an fito da shi, tasa, tukunya, buta, faranti, a goge har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Yarinyar da aka ga tsatsa a kayan uwarta ta shiga bakin mata har wata Sallar. Ni kuwa gwana ce, kakata ma da ba ta yabon kowa tana yabon hannuna.

Baba ya raka ƙanensa kasuwa sayen rago. Na gama kwanukan Inna tun hantsi, na waiwaya na ga gidan injin nan duk ya yi kaca-kaca, ga mutane za su cika gida gobe. Tausayin Baba ya kama ni, na ce wato babu mai kula da kayansa. Na ɗauko sosona. Na bi rufin layi-layi, na bi tanki, na tura tsinke cikin bututu, har kamyon ban bari ba. Kafin azahar yana ɗaukar ido.

Da la'asar ya shigo. Ƙyallin ne ya fara bugun ɗan idon da ya rage masa. Ya tsaya cak.

"Wa yat taɓa shi?"

"Ni ta, Baba. Don Salla nig goge maka."

Ina jiran yabo, sai na ga ya zauna daɓas a ƙasa da rigarsa ta kasuwa. Bai doke ni ba, kuma da dukan ya fi mini sauƙi. Inna, mai yi masa ba'a kullum, ita ce ta ja ni bayan rumbu tana hawaye. "Kin san abin da kinka yi? Ubanki ba shi kai baɗi da ido."

Daga ranar na rasa sukuni. Manoma suna roƙon ruwa ya ɗauke gero ya bushe, ni kaɗai a garin nake roƙon Allah ya ƙaro. Hadari ya haɗu a gabas, in ruga in ja ƙyaure, iska ta watsar da hadarin. Na zuba ruwan gishiri, na zuba na tsamiya, na zuba na kanwa. Na daina zuwa lakwal, makarantarmu ta boko, har malam ya aiko. Tsatsar da ta fito rawaya ce, dabbare-dabbare, kana hurawa ta tashi. Gishirin kuma ya ci rufin da na riga na sirantar da yashi, ya huda shi wuri uku. Baba ya gwada buɗe sabon gwangwani, ya yanke hannu, ya ajiye. Kullum fuskarsa na ƙara matsowa kusa da kwanon, har wata safiya hancinsa ya taɓa bututu bai gan shi ba.

Da dabara ta ƙare mini, na kwaɓa jar ƙasa da ƙaro na shafe rufin kaf, na bar shi ya bushe. Washegari da hantsi ya kira ni.

"Ɗiyata, zo ki duba min. Ya yi ja?"

"Awo, Baba. Kamar na da."

"Har ƙarƙashin tanki?"

"Har nan."

Ya miƙa hannu ya laluba rufin a hankali, daga wannan baki zuwa wancan. Ya murza abin da ya kama yatsunsa, ya daɗe yana murzawa.  Sannan ya ce, "To, madalla, ya ƙare. A shigar da shi ɗaki." Bai sake taɓa shi ba.

Gidan injin na gaske yanzu fili ne, masu sayen tsoffin ƙarafa sun kwashe shi a amalanke, ko ƙusa ba su bari ba. Jikokina in suna son ganin wani abu sai su latsa waya, babu mai haƙurin jiran damina. Baba ya yi shekaru da yawa bayan haka a cikin duhu, ni ce 'yar jagorarsa har aka kai ni ɗakin miji. Ban taɓa roƙonsa gafara ba, don in na roƙa sai na faɗi ƙaryar da na yi masa, shi kuma bai taɓa buɗe mini ƙofar maganar ba. Yau na wuce shekarun da ya yi a duniya, kuma na daina ruɗin kaina. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da hannu cikin ƙarfe, tun kafin ya ce madalla ya san jar ƙasa ce.