Ciwon da Aka Ɗauka Kunyar Ɗan Fari Ce

Ni mace ce ta cikin gida, daga wani ƙauye kusa da Buza, boko kaɗan na taɓa. Lokacin da abin ga ya same ni ina da ƙuruciya, maigidana ya tahi ci-rani, ni kuma na koma gidanmu wankan haihuwar fari.

Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi mishi wasa gaban mutane. To ni da na haihu wani duhu ya rufe mini zuciya. In yaron ya yi kuka, ji nake kamar a gidan maƙwabta ne. Sai an aza mini shi a cinya nake ba shi nono, fuskata na kallon bango. Mata masu zuwa barka kuwa yabo suke, wai rabonsu da ganin ɗiya mai kunya irina tun zamanin iyayensu. Innata har alfahari take. Yaro na ramewa, ni ko na kasa cewa komai, don wa zai tsaya tsakiyar yabo ya ce ba ya jin ɗansa a rai?

Gwaggona, ƙanwar babana, ita Allah Ya nuna wa. Wata hantsi ta kore kowa daga ɗakin, ta laɓe bayan zana tana leƙe. Daga baya ta ce wa innata ita ma ta yi kunyar ɗan fari, amma da an ba da baya take sunsunar kan abinta. Wannan ɗiya kuwa, ko ita kaɗai ba ta dube shi ba, don haka a bar yabo, ciwo ne. Har yau ina mamakin idon tsohuwar nan.

Malamin garinmu ya ba da rubutu, kuma shi da bakinsa ya ce a haɗa da likita. Da aka kai ni asibitin Madawa, lokotoro, wato likitan, bai raina rubutun ba. Ya ce ciwon sananne ne bayan haihuwa, ya ba ni magani, ya roƙi gwaggo ta riƙa zama da ni. Sannu a hankali, ran nan yaron ya yi kuka na ji nonona ya tsatso kafin kowa ya taɓa ni.

Ƴan'uwana mata, kunya adonmu ce, ban ce a bar ta ba. Amma kafin ku yabi maijego, ku duba yadda take in ta zaci babu mai ganinta.