Sarkin Aska a Ɗakin Gwajin Jini

Tun daga bakin ƙofa mai ɗibar jini take kallonsa: dattijo ne dogo, rigarsa ta sha guga, gemunsa kuwa kamar da ma'auni aka daidaita shi. A katinsa na asibiti an rubuta sunansa Wanzami, amma bai yarda a tsaya nan ba.

"Sarkin Aska za ki ce, 'yata," in ji shi, yana naɗe hannun riga a hankali. "Kakan kakanmu ne kaɗai ake bari ya ɗora aska a maƙogwaron sarki. Daga nan sunan ya bi gidanmu, sarautar ma ta bi. Ni ne na bakwai."

Ita kuwa tafin hannunsa take duba, laushi kamar auduga. A ranta ta ce wannan hannu biro ya sani, ba aska ba. Wataƙila shekara talatin ya yi a ofis, sai ranar taro yake rataya zabirar aski da ya gada.

"Ranka ya daɗe, ashe abokin aiki na samu," ta ce, tana ɓare allura.

Nan labari ya tsaya cak. Ya ƙura wa silin ido, gumi na tsattsafo masa a goshi. Jini na fara hawa sirinji ya leƙa sau ɗaya, sai ya sulale a kujera.

Da ta yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, hularsa ya fara gyarawa.

"Kada maganar nan ta fita ɗakin nan, 'yata. Mu ganin jinin mutane muka gada, ba namu ba."