Kawu Mati da Mutanen Kufai

Ku da kuka san Kawu Mati kun san takalminsa ya fi daɗewa a hammata fiye da a ƙafa. Da ya iso gindin Kufai, tudun nan mai duwatsu da ke gabas da garinmu ta hanyar Zango, sai ya tuɓe takalman tayarsa ya maƙale, ya hau da ƙafa ko da ƙasa na ƙuna. Mu dai cewa muke rowa ce, don takalmin nan ya girme ni. In ka tsokane shi sai ya ce, "A yi a hankali, akwai mutane."

Ni ɗan yayarsa ne, ni nake kai shi a babur, don haka na sha jin labarin. A kan tudun nan ne garinmu yake da farko. Shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna aka binne waɗanda aka binne cikin gaggawa, sauran suka sauko. Cikin waɗanda aka bari har da mahaifiyarsa, lokacin shi ko kaciya ba a yi masa ba. Ruwa da iska suka shafe kaburburan, mutane suka manta. Shi kaɗai ya ƙi mantawa.

Farkon zuwan shari'a, wasu samari masu wa'azi suka tare shi da la'asar a kan tudun.

"Baba, an ce aljanu kake gaidawa."

"Aljanu? Wa ya aike ni! Uwata nake gaidawa. Ko ita ma an hana?"

Ya ce tunda sun zo, su yi wa mutanen addu'ar ziyara, su da suka yi karatu. Babbansu ya karanta da murya mai daɗi. Kawu ya karkata kunne yana saurare har suka fara kallon juna, sannan ya ce, "Sun gode. Amma tsohon da kake tsaye a kansa ya ce ka ɗan matsa." Wallahi tsallen da yaron nan ya yi ko akuya albarka!

Ana nan sai wani kamfani ya zo zai yanka gangaren tudun ya gina rukunin gidaje. Gari ya rabu biyu. Masu son titi da aikin leburanci na murna, masu gonaki a ƙasa na cewa in aka sare itatuwan, ruwan damina zai kwaso yashi ya binne musu gero. Gwamnati ta turo jami'in duba muhalli daga Katsina, Malam Kabiru, mutum mai haƙuri, don ya bincika kafin a ba da izini. Kawu kuwa ba ruwansa da yashi. Maganarsa ɗaya ce, ba za a haƙa wa kowa masai a kan uwarsa ba.

Masu awo suka kafa turaku masu jan fenti, washegari babu ko ɗaya. Na same su a gidansa, ya ɗaure awaki da wasu, sauran suna ƙarƙashin tukunya.

"Kawu, kayan kamfani ne fa!"

"A ƙirjin mutane na tsince su. Kuma icen na ci, ka ce su ƙaro."

Malam Kabiru ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce in akwai kabari dole aikin ya tsaya, amma sai an nuna masa. Nan fa ake yin ta. Ranar farko Kawu ya nuna gindin wata aduwa. Da aka koma, ya nuna bayan wani falalen dutse.

"Baba, rannan ai can ka nuna mini."

"Yaro, shekara da shekaru tana kwance, ba za ta juya ba?"

Muka kwashe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba. A hanyar dawowa ya riƙe kafaɗata a kan babur ya ce, "Ban san wurin ba, Sani. Goye nake a bayan Goggo aka sauko da ni." Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

Ranar taron jin ra'ayin jama'a a ƙofar gidan dagaci, ya zo da tabarmi ya shimfiɗa a sahun gaba, ya koma gefe ya zauna a ƙasa. Wurin ya cika maƙil, dattawa na tsaye, amma babu wanda ya zauna a kai. Ko kaji kewayewa suke. Wakilin kamfani ya miƙe ya ce an duba, babu kowa a kan tudun, ba mai rai ba matacce. Kawu ya juya ga tabarmin. "Kun ji ko? Ku yi haƙuri, baƙo ne." Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Da aka tashi, da idona na ga wakilin ya zo wucewa ta gaban tabarmin, ya ɗan sunkuya ya ce, "A gafarce ni." Sai da ya kai mota ya tsaya ya waiwayo.

Duk da haka magana ta karkata ga kamfani, tunda babu kabarin da aka gani. Ana jiran sa hannu Kawu ya kwanta ciwo. Wasiyyarsa ɗaya ce, a binne shi a Kufai. "In kabari suke so su gani, zan ba su sabo fil."

Da ya rasu, da hantsi muka hau da shi, Malam Kabiru na cikin masu ɗaukar makara. Aka fara haƙa a gindin aduwa, ba a yi nisa ba aka tarar da ƙashi. Aka mayar da ƙasa aka matsa. Nan ma haka. Aka koma bayan falalen dutse, nan ma mutum ne kwance yana fuskantar gabas. Masu haƙa suka shiga salati ƙasa-ƙasa. Ashe duk inda tsohon nan ya nuna, da wanda ke wurin. Da ƙyar aka samu wani ɗan tsukin wuri tsakanin kaburbura biyu, ba ƙari ba ragi, daidai tsawonsa.

Ba a gina ko ɗaki ɗaya ba. Har yau ban san wanne ne na kakata ba, amma na san ɗanta bai yi nisa da ita ba. Allah Ya jiƙan Kawu Mati, Ya yalwata masa makwanci, Ya haɗa shi da uwar da ya yi ta nema, Ya gafarta wa duk waɗanda ke kwance tare da su.