Kawu Labbo da Littattafan Ƙudus

Duk wanda ya san Kawu Labbo a Gummi ya san ba ya sayen littafi guda. Ka miƙa masa ɗaya, sai ya jujjuya shi ya ce, "To, ina na abokin faɗansa?" Ƙanen Innata ne, tsohon malamin dabbobi. Tun da ya yi ritaya ya ɗora wa kansa gano abin da ya haɗa Isra'ila da Falasɗinawa.

Shekarar da yaƙin Gaza ya tsananta na raka shi Gusau. Mai kanti ya ɗauko wani littafi mai hoton wuta a bango.

"Wannan ya gama magana, Alhaji."

"Mai rubutun ya taɓa zuwa can?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban je ba, shi ya sa ban rubuta komai ba. Mai da shi!"

Sai da muka wuni kafin ya zaɓi biyu, na wani Bafalasɗine da na wani Bayahude masanin tarihi.

A hanyar dawowa, mun wuce Anka kaɗan, 'yan bindiga suka tare mu. Muna kwance rub da ciki, ɗaya ya zazzage jakar Kawu, ya taka littattafan.

"Mi na wanga, tsoho?"

"Labarin mutane biyu da ƙasa guda."

"Wa yac ci?"

"Ba kowa, yaro. Ɗage ƙafarka, ban karanta ba tukuna!"

Wallahi na sadaƙar mun mutu. Sai ga shi ya ɗage! Da Inna ta ji, zagin Kawu ta yi har ta fashe da kuka.

Ba a jima ba magana ta zaga gari, wai Labbo yana karatun Yahudu. Ran wata Juma'a matasa suka cika zaurensa, rai a ɓace, da ashana a hannu. Na tsaya bakin ƙofa.

"Ku zauna," in ji shi. "Shafi guda, sannan ku ƙona."

Ya buɗe littafi yana fassara musu yadda aka kori wani ƙauyen Falasɗinawa, mata da goyo suna tafiya cikin rana ba ruwa. Wani cikinsu har da share hawaye.

Babbansu ya ce, "Irin wanga ya kamata ka karanta, Baba. Kawo na Bayahuden."

Kawu ya juya masa bangon. "Ai shi ne a hannuna. Kunna ashanar."

Ba wanda ya motsa. Suka fice ɗaya bayan ɗaya, ko da yake wasunsu ba su ƙara gaishe shi ba.

Ni dai na sha ganinsa ya kashe rediyo ya rufe fuska in aka ambaci yaran da suka mutu, ko na wane ɓangare ne. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa. Zaman lafiyar da bai gani ba, Allah Ya nuna wa yaran can da namu na nan.