Shekara Goma Sha Biyun Malam Sha'aban

Duk wanda ya yi firamare a unguwarsu ta Sandamu ya san Malam Sha'aban mai gadi, dogon nan mai faɗa a baki, wanda sandarsa ba ta taɓa sauka a jikin ɗan kowa ba. Da can fataucin awaki yake yi zuwa Kongolam, har wata annoba ta shiga garken ta bar shi da igiyoyi. Yana da shekara arba'in da biyu aka ce ana ɗaukar masu gadi, amma ban da wanda ya haura talatin. Wani mai ƙaunarsa ya kai shi aka buga masa takardar shekaru, aka zabge goma sha biyu. Ba shi kaɗai ba ne, rabin 'yan shekara talatin ɗin da ke layi ranar da furfurarsu suka zo.

Ciwon suga ya same shi yana bakin aiki, bai ma ji jiki sosai ba, don inshorar ma'aikata ce ke ɗauke masa yawancin kuɗin magani. Bara ya yi ritaya, katin inshorar ya daina aiki. Ranar da ya fara shiga kemis da aljihunsa, sai da ya sa aka maimaita masa farashin. Fansho ba zai ɗauki hatsi da magani a lokaci guda ba, sai ya koma sha yau, a bar gobe. Gani ya fara yi masa dishi-dishi. Likita a Daura bai ɓoye masa ba: in ba kullum zai riƙa shan maganin ba, idanun da wuya su ƙara shekara.

Ana haka aka yi shelar wani shirin inshora na tsofaffi, kyauta ga duk wanda ya kai sittin da biyar. Malam Sha'aban ya sa rigar Juma'a, ya ja ƙaninsa Auta suka tafi. Auta, wanda Malam Sha'aban ya goya yana yaro, ba shi da ko ciwon kai, amma nan take aka rubuta shi. Da aka zo kan yayansa, jami'ar da ke rajista, Hadiyya, ta dubi katin ɗan ƙasa, ta dubi farin gemun.

"Baba, a nan shekarunku sittin da ɗaya. Saura huɗu."

"'Yata, saba'in da uku nake. Wannan da kika rubuta yanzu, da wayona aka yanke masa cibiya."

Auta ya so ya tsokane shi ya ce daga yau shi ne yaya, da ya ga fuskarsa sai ya haɗiye maganar.

"Na yarda, Baba," in ji Hadiyya a hankali. "Ana iya gyara takarda. Sai dai in kuka gyara, masu fansho za su ga kun zarce lokacin ritaya da shekara goma sha biyu. Ban san abin da za su yi ba, ba kuma zan ce muku babu matsala ba."

Abin tausayi ne a ga dattijo tsaye yana auna abincin gidansa da idanunsa. Bai zagi kowa ba, don ya san da ƙafarsa ya je aka rubuta shekarun nan, kuma su suka ciyar da 'ya'ya tara. Ya yi mata godiya, ya mayar da katin aljihu.

A gida matarsa Rauda ta tare shi a bakin ƙofar ɗaki.

"Malam, an dace?"

"Sun ce da saurana, Rauda. Fansho kuwa ba zan taɓa shi ba, da shi kuke ci."

Ta juya ta shiga madafa don kada ya ga hawayenta. Shi kuma ya shimfiɗa tabarma a inda haske ya fi yawa, ya ɗauko Alƙur'ani. Duk rayuwarsa da dubawa yake karatu, bai taɓa riƙe fiye da izu biyu a ka ba. Ya kusanto da shafin dab da fuskarsa, ya karanta aya ɗaya sau bakwai, sannan ya rufe ido ya gwada ko ta zauna.